Tazara

Ranar Laraba, ruwan Agusta na dukan kwano,
mu goma sha bakwai a ɗakin taro kusa da Ƙofar Ƙaura.
Ni aka ba rubuta bayanin zama.
Biro biyu na kawo, ɗaya ya ƙafe tun a wajen addu'a.

Na farko ya tashi da jadawali, lamba bisa lamba.
Ya ce yuraniyam ba a tara shi kamar gero a rumbu.
Akwai awon da in ya kai, ba ashana, ba kananzir,
shi da kansa yake farkawa,
niyutiron ya haifi niyutiron, sarƙa ta ja sarƙa,
kafin ka ce a'uzu haske ya riga ka.
Saboda haka siririn bututu, kada tulu mai tumbi.
A raba, a auna, a bar fili tsakani.
Ruwan ma da muke kashe gobara da shi,
a wannan gida shi ne mai zuga.

Muka gyaɗa kai. Duk mun sani, yana cikin littafi.

Sai aka ɗauke wuta, allon majigi ya mutu.
Ana jiran janareto, Injiniya Tukur Bindawa ya yi gyaran murya,
tsohon da ya shekara talatin a ƙasar sanyi
ya dawo da ciwon gwiwa da akwatin takardu.

Ya ce, "Tunda duhu ya rufa mini asiri, bari in tona kaina.
Wata Alhamis ina saurin tashi,
na lissafa ɗakin ajiya a matsayin busasshe.
Ban tambayi rufi ko yana yoyo ba.
Na sa hannu. Na sama da ni ya sa nasa don ya ga nawa.
Wata mai goge daɓe ce ta tsayar da ni a ƙofa,
ta ce ganga uku ta saba gani cikin layin nan rawaya,
yau ga huɗu, ga kuma ɗigo daga sama.
Ba ta san lissafi ba, ta san ɗakinta.
Babu abin da ya faru.
Shi ya sa ban taɓa faɗa ba,
shi ya sa kuma ba na barci sosai."

Ba wanda ya yi tari.
Na ɗaga biro, ban san ko irin wannan ana rubutawa ba.

Dakta Hajo Rimi ta kunna fitilar wayarta,
ba fuskarsa ta haska ba, takarda ta haska.
Ta ce, "Faɗin gangar nawa? Kaurin bangon fa?
Ba mu lambobin, Baba, mu sake bi tare.
Ramin da ka tsallake yana nan yana jiran ƙafar wani."

Daga nan bakuna suka buɗe.
Safiyanu ya ce shi giram ya taɓa karantawa a gurbin kilo.
Wani baƙo daga Zariya ya ce kwamfuta ta ba shi amsa mai kyau,
ashe tambayar ce gurguwa.
Hajo ta ce tunkiya ma igiya biyu take so,
kowace da turkenta,
don in ɗaya ta tsinke kada ta ja ɗayar.

Da janareto ya tashi, ba wanda ya koma kan majigi.
Na cika shafi tara da kurakuran manya,
ban sa suna ko ɗaya ba sai nasa, shi ya ce in sa.

La'asar ta yi, ruwa ya tsagaita, aka kawo shayi.
Yaron ya jibge kofuna wuri ɗaya a tire.
Ina kallon hannun Injiniya, yana ta hirar farashin taki,
bai ma san yana yi ba:
ya ja wannan kofi nan, ya tura wancan can,
taƙi ɗaya, taƙi ɗaya,
sannan ya ɗauki nasa.